Tarihin Tomie Kuwabara, Wadda Ta Ce Ba Komai

Mai wannan rubutu, tsohon akawu mai sanƙo da ciwon gwiwa, ya amsa laifinsa tun farko: ya makara ranar jana'izar marigayiya, sai abincin ya tarar, kuma ya ci.

Haihuwa da Tarbiyya

An haifi Tomie a shekarar 1948 a garin Sakata. Mahaifinta Genzo masunci ne, mahaifiyarta Haru kuwa ita ta cusa mata aƙidar cewa mai mutunci ba ya zame wa jama'a nauyi, ko wuta yake ci, in an tambaye shi sai ya rusuna ya ce ba komai. Ta kammala makaranta a 1966, ta kama aiki a masana'antar sarrafa kifi.

Aure da Zuri'a

A 1971 ta auri Shigeo Kuwabara, direban babbar mota. Sun haifi Michiko, sannan Noboru a 1975, wanda ya zo da shanyewar gaɓoɓi, ba ya iya riƙe ko cokali.

Neman Tallafi

A 1979 ta nemi tallafin da hukuma ta ware wa yara masu larura, wanda sharaɗinsa shaidar likita ce. Ta wanke yaron fes, ta sa masa rigar biki. Da likita ya tambayi yadda suke fama, ta rusuna ta ce ba komai, suna iyawa. Haka aka rubuta, aka kai ofis, aka buga hatimin ƙi. Hakan ya maimaitu a 1983 da 1988.

Maƙwabciyarta Fusae ta sha yi mata tsiya: "Ke dai da shegen kunya! Je ki yi musu kuka mana."

Ita kuwa sai ta ce, "In kai ɗana gaban likita da dauɗa, a ce ba shi da uwa?"

A 1995, bayan rasuwar mijinta da lalacewar bayanta wajen ɗaukar Noboru, ta sake nema, ta faɗa wa likita gaskiya. Kafin takardu su gama zagaya tebura, Noboru ya cika shekara ashirin, ya fita sahun yara, aka sake buga hatimin ƙi.

Rasuwa

Ta rasu ranar 3 ga Maris, 2011. An ƙone gawarta bisa al'ada, aka binne tokar a kabarin dangin mijinta. Ta bar 'ya'ya biyu: Michiko, da Noboru da ke hannun yayarsa.

Hatimin ƙin da ke kan takardun nan huɗu, na mai wannan rubutu ne, akawun ofishin a lokacin.