Uwar Maraya

Duk layin babu mai kiranta da sunan yanka, Inna Tela ake ce mata. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai aski: keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka, dutsen guga, sai buhun ƙyallaye a bayan ƙofa. Da wannan keken ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Kuma tana da wani hali da kowa ya sani, ba ta iya ganin yagaggen tufa ta kau da kai. Ko baƙo ne ya zauna a bencinta maɓallinsa na lilo, kafin ya tashi ta ɗaure masa shi.

Autanta ne mai murya. Tun yana ƙarami yake waƙa yana bin ƙarar keke. Ranar da wani kamfanin waƙa ya ɗauke shi, har rawa Inna ta taka a ƙofar shago.

Ashe murya kaɗai ba ta ishe su ba. Manajan kamfanin, wani mai baƙin tabarau ko a cikin ɗaki, ya ce labarin yaron ba zai sayu ba. Wa zai yi kuka saboda yaron da uwarsa ke goge masa kayan makaranta? Sai suka zauna a ofis suka tsara masa sabuwar rayuwa. Wai uwarsa ta yar da shi a tashar mota yana jariri, wai a ƙarƙashin gada ya girma yana tsince-tsince a bola. Suka raɗa masa suna Maraya. A rediyon mai aski Inna ta fara jin labarin, da muryar ɗanta, har da shessheƙa. Yaron da ko abinci ya kwana ba ya ci! Tir da wannan sana'a.

Auta ya zo shago ya durƙusa. "Inna, talla ce kawai. Kowa haka yake yi. In na tsaya da ƙafata zan faɗi gaskiya."

"Auta, ni ce na yar da kai?"

"Haba Inna, ai ba ke ake nufi ba."

"To uwa nawa gare ka?"

Ya tashi da sauri har ya manta jakarsa. Inna ta buɗe, sai ga riga a yayyage, hannu ɗaya ya kusa cirewa. Ranta a ɓace yake, amma hannunta bai san fushi ba. Ta zauna ta ɗinke ta tsaf, ta wanke, ta goge.

Washegari sai ga manaja yana kumfar baki, Auta na bayansa. Ashe rigar ɗaukar bidiyo ce, da gangan aka yayyaga ta, har ƙwararre aka ɗauko don aikin yagawar. Manaja na cikin masifa sai ya tsaya cak. Ya zare tabarau, ya dubi bangon shagon, ya dubi Inna kamar mai taya akuya.

"Kai, ka ga fuska! Wannan ita za ta fito a matsayin matar da ke ba Maraya ragowar abinci."

Inna ta girgiza kai. Amma Auta ya ja ta gefe, ya ce in ta ƙi za su kore shi. Ta yarda. A ranta kuma tana da wani buri da ba ta gaya wa kowa ba: in ya gan ta a gaban kyamara, ido cikin ido, bakinsa ba zai iya ba, zai ce wannan uwata ce.

Ranar ɗauka suka cire hoton Auta na makaranta daga bango, suka watsa ƙyallaye a ƙasa don shagon ya ƙara kama da na matsiyata. Aka kunna fitilu. Auta ya dafa kafaɗarta, ya dubi kyamara, ko gezau.

"Wannan baiwar Allah ita ta ji tausayina lokacin da ba ni da kowa."

Yarinyar da ke riƙe da makirfo ta matso. "Mama, me za ki ce game da matar da ta haife shi ta yar?"

An riga an koya mata amsar. Ta dubi Auta, ta jira. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

"Wannan ba uwa ba ce," in ji Inna. "Allah ya isa tsakaninsa da ita."

Sai hawaye suka ɓalle mata, irin waɗanda ba ta yi ba tun ranar da aka fita da gawar mijinta. Manaja ya hau tafi, ko kunya babu, yana cewa tsohuwar nan ta fi 'yan wasan da yake biya. Mai ɗaukar sauti ne ya ɗaga hannu, ya ce babur ya wuce, ƙararsa ta shiga, sai an maimaita.

Aka kashe kyamara. Ba a ɗaukar komai, babu mai sauraro sai ma'aikatan kamfanin. Auta ya sunkuyo kusa da kunnenta, ya miƙo mata hankici.

"Baiwar Allah," ya ce, "daure ki sake kukan."