Goggo Tafireta da Mesar Kwamfuta

Goggona ta ƙare ƙuruciyarta tana buga tafireta a ofishin wani lauya, har sunan ya bi ta: Goggo Tafireta. Gajeruwa ce, ga faɗa kamar me, kuma abu ɗaya ne ba ta yafewa a duniya, wato layi ya karkace. Takardar da ta buga, gefen hagunta kamar an ja zare. Ko takalma muka watsar a ƙofar ɗakinta, sai ta fito ta jera su tana mita.

Mijinta, Baba Mai-agogo, shi ne sarkin surutun gidan, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma kalmomi suka gudu suka bar shi. Zai kalli kofi, ya san kofi ne, sunan ya ƙi fitowa. Likita ya ce a riƙa tambayarsa sunayen abubuwa kullum. To fa! Da Goggo ta ce, "Mene ne wannan?" sai ya juya mata ƙeya don kunya da haushi. Abin da ke cin ranta kuwa, tun da ya kwanta bai sake kiran sunanta ba.

"Mutumin nan inji kaɗai yake ganin girmansa," in ji ta. "To, inji ne zai tambaye shi."

Haka ta tasa ni gaba, na rufe shagon ɗinkina ina ƙunƙuni, muka tafi ɗakin karatu inda wata malama ke koyar da rubuta wa kwamfuta umarni. Malamar ta ce yaren da za a fara da shi mai sauƙi ne, sunansa Python, wato mesa.

"Mesa? A'uzubillahi! Tana ina?" Goggo ta ɗage ƙafafu sama. Aji ya kwashe da dariya.

Kalmar farko print ce, ma'anarta buga. Ka rubuta ta, ka sa maganarka a baka biyu da alamar zance, kwamfuta ta fito maka da ita.

"Buga? Yarinya, ai kin shigo gidana!"

Kafin malama ta rufe baki, yatsun Goggo sun yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, allo ya ce: Sannu Goggo. Wallahi matar nan miƙewa ta yi tana rawa da jaka a hammata. Ni na rasa inda zan sa fuskata.

Aka zo kan input, wanda ke yin tambaya ya jira amsa, a ajiye amsar a ƙarƙashin wani suna, kamar kwanon da aka yi wa alama. Sai if da else: in amsa kaza ce a yi kaza, in ba haka ba a yi wancan. Goggo ta ce ai da wannan ta raini 'ya'yanta, babu sabon abu.

A nan aka samu matsala. Layin da ke ƙarƙashin if, malama ta ɗan tura shi ciki. Goggo ta ga abin da ta kira ƙazanta, ta goge tazarar, ta jera komai cif a gefen hagu. Ta danna, sai jan rubutu, alamar kuskure. Malama ta zo ta gyara ta wuce, Goggo ta faki idonta ta sake jerawa. Jan rubutu dai!

"Mesar nan ta tsane ni," in ji ta.

Ni na ga komai, dariya ce ta hana ni magana. Da ƙyar malama ta kama ta tana gogewa.

"Haba Goggo! Tazarar nan ba kuskure ba ce. Da ita mesa ke gane layin nan na if ne. A goye yake, ke kuma kina ta sauke shi."

"Wato da gangan aka karkata shi?"

"Da gangan."

Goggo ta dafe ƙirji. Ta runtse ido kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci, ta tura layin ciki. Aiki ya tafi sumul.

Ranar gwada tambayoyin da Goggo ta rubuta aka ɗora tsohuwar kwamfutar ɗansu a kan teburin Baba, tsakanin ƙananan sukurori da agogunan da suka tsaya. Allo ya tambaya: Da me ake shan shayi? Baba ya gyara tabarau, ya lallaɓa da yatsa ɗaya na hagu: kofi. Allo ya ce: Daidai, Baba! Mutumin nan ya washe baki, ya buga tebur. Aka wuce ƙofa, aka wuce agogo, muna tafi kamar a filin ƙwallo.

Ashe Goggo ta ɓoye wata tambaya a ƙarshe: Wace ce matarka? Sunanta na gaskiya ta sa a matsayin amsa.

Baba ya daɗe yana kallon allo. Can ya rubuta wani abu, ya danna. Allo ya ce: Ba daidai ba, sake gwadawa.

Na ga kafaɗun Goggo sun sauka. Ta matso a hankali ta leƙa abin da ya rubuta: kwas kwas.

Ni ban gane ba sai daga baya. Sunan da ya sa mata ke nan saboda ƙarar tafiretarta, tun ranar da ya je gyaran agogon bangon ofishinsu, tun kafin aure.

Baba ya ɗago ya dube ta, ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa. "Ƙwas," ya ce da bakinsa. "Ƙwas-ƙwas."

Goggo ta fashe da kuka haɗe da dariya, ta nuna kwamfuta da yatsa. "Ke ce ba daidai ba, 'yar banza! Me kika sani?"

Ta janyo ta, ta ƙara sunan a cikin amsa, ta tura layin ƙasa ciki da kanta, idonta a buɗe. Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Maza sake tambayarsa," ta ce wa kwamfutar.