Maguɗiyar Tarka

Duk wanda ya yi aure ko suna a Tarka ya san muryar Dado. Maguɗiya ce. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har raƙuman bakin rijiya sai sun ɗaga kai.

Ɗan baffanta ta aura. Ta haifi huɗu, biyu suka sandare a zanen goyo suka koma, aka ce iska ce. Da ɗanta Habibu ya isa aure, ita da kanta ta haɗa shi da Mairama, 'yar ƙanenta, don kada zumunci ya yi nisa.

Mairama ta haifi ɗan fari a gidan iyayenta. Yaro kuwa ko kwano ya faɗi sai ya zabura, ya ƙage kamar itace, numfashi ya ɗauke. Habibu ya kai su asibiti a Damagaram. Likita ya ɗan taɓa kan hancin jaririn, nan take yaron ya zabura. Ya ce ciwon gado ne, uwa da uba kowa na ɗauke da shi a jini bai sani ba, kuma yana sauƙi in yaro ya girma. Ya ba da magani, ya hana yin ƙara kusa da yaron. Ya koya wa Mairama cewa in ya sandare ta lanƙwasa kansa da ƙafafunsa zuwa ƙirji, numfashi zai dawo.

Habibu ya faɗa wa uwarsa. Ta ce, "Jininmu ne mai ciwo? Na yi wa jikokin kowa guɗa, nawa ne zai shigo gida shiru kamar shege?"

Ranar da Mairama ta dawo daga wankan jego, gida cike da mata, Dado ta karɓi jikanta ta rangaɗa masa a kunne. Yaro ya sandare, leɓe ya yi baƙi. Mairama ta yunƙura. Wata tsohuwa ta ce, "Oh ni, 'yan zamani! Ɗan fari, gaban surukai, ba kunya?" Mata suka kwashe da dariya, yarinya ta koma ta zauna. Wallahi ta zauna! Dado na jijjiga shi, tana kiran a kawo garwashi da turare. Kafin Mairama ta fizge shi ta lanƙwasa, rai ya yi halinsa.

A zaman makoki, duk wadda ta shigo gaisuwa Dado na share hawaye tana ce mata, "Ita likita ya koya wa dabarar, amma tana zaune tana kallo." Mairama na bayan ƙyaure tana ji, kuma cikin matan da suka yi dariyar ba wadda ta ce uffan.