Ranar da Na Karɓe Makulli a Hannun Darnell

Shekaruna da yawa ina sayar da tsofaffin motoci a titin High Point Road da ke Greensboro a Amurka, amma ba ranar da ta tsaya mini a rai kamar wata Laraba a tsakiyar shekarun 1990. Ku da kuka shigo sana'ar daga baya ya kamata ku ji.

Ina da direba, Darnell, mutumin East Greensboro. Kafin ya zo wurina ya yi shekara shida yana buga ƙwallon Amurka a matakin ƙwararru. Yana cikin ƙattin nan biyar da ke tsayawa a gaba, su tare abokan hamayya da ƙirji da kai don kada a taɓa mai jefa ƙwallo. Ya taɓa ce mini, "Alhaji, mu ba a kiran lambar rigarmu a lasifika sai mun yi laifi." Da gwiwarsa ta lalace suka sallame shi.

Tsarinmu shi ne duk Laraba mu je gwanjo. In na sayi mota sai in ɗaura mata lambar wucin gadi ta dillalai, direba ya wuce da ita filin da muke sayar da motoci, ni in biyo baya. Ranar ya riga ni fita da azahar, amma har la'asar ba shi ba mota.

Sai wata tsohuwa ta bugo waya daga Pleasant Garden. Ta ce wani ƙato ya daɗe a mota a ƙofar gidanta, ta ga lambar wayarmu a jikin gilashi.

Na same shi injin na aiki, hannu biyu a kan sitiyari.

Na ce, "Darnell, lafiya?"

Ya ce, "Na san ni na ɗauko motar nan, Alhaji. Inda zan kai ta ne ya ɓace mini."

Hanyar da yake bi duk mako ce. Na miƙa hannu na kashe motar, na zare makullin. Ya dubi hannuna ya ce, "Kada ka gaya wa matata. Tuƙin nan kaɗai ya rage mini."

Na ce, "Ba zan gaya mata ba. Amma ba za ka sake tuƙa motata ba. Gobe kana iya taka ɗan wani."

Na mayar da shi wankin motoci. Bai yi wata ba ya daina zuwa. Matarsa ce ta kawo mini rigar aikinsa a goge. Ta ce tun bara yake ɓata a unguwarsu.

Gaskiya na ga alamu tun farko. Yakan tambaye ni abu ɗaya sau uku. Na kau da kai saboda kwastomomi na son ɗaukar hoto da shi. Mu dillalai ba ma sayen mota sai mun leƙa ƙarƙashinta, mun saurari injin. Darnell ya yi shekara biyu a gabana, ban taɓa tambayarsa yaya kansa yake ba, duk da karon da ya sha a ƙwallo. Girman jikinsa na ɗauka aiki, kamar yadda masu ƙungiyar ƙwallonsa suka yi.