Wasa Ɗaya Tilo na Anti Rookmin

Duk wanda ya taɓa buga wasan kurket a filayen Scarborough, a nan ƙasar Turawa mai sanyi, ya ci abincin Anti Rookmin Sukhdeo, ko da bai san sunanta ba. Ni kam na sani, don na daɗe ina tsugune a bayan turaku ukun da mai jifa ke hari, a kulob ɗinmu, ina cafe ƙwallon da mai bugu ya kuskure, kuma rabin tumbin nan nawa rotinta ne, wato gurasarsu, da miyar kabewa. Sunana Lennox, direban bas ne ni, daga Barbados na zo. Ita kuwa 'yar Guyana ce, daga wani ƙauyen masu noman rake a Berbice.

Nas ce. A ɗakin masu karaya ta yi aiki har ta zama shugabar ɗakin, daga nan ta yi ritaya. Mijinta, marigayi Deolall, shi ya fara kawo ta fili a matsayin matar ɗan wasa mai dafa abincin hutu. Da ya rasu muka ce shi ke nan, mun rabu da roti. Asabar ta gaba sai ga ta da tukunyarta. Ita ke ɗaure wanda ya gurɗe, ita ke duba yatsan da ƙwallo ta fasa, kuma ba ta san lallashi ba. Ta taɓa mayar mini da yatsa wurinsa tana ba ni labarin jikanta, ina ihu tana cewa, "Ba ka mutu ba, koma fili."

'Yan mata su ne damuwarta. 'Ya'yan 'yan wasa ne da ke guje-guje a bakin fili ba mai kula su. Ta tara su, ta fara jefa musu ƙwallo, kafin a ankara sun haura talatin. Da bazara sai maza sun gama suke samun fili, rana ta riga ta yi sanyi. Da hunturu kuwa a zauren wata firamare suke, inda aka hana taɓa ƙwallo mai tauri saboda tagogi. Ta kai kuka ga ƙungiyar yankinmu har ta gaji, kullum amsar ɗaya ce, za a duba. Wata rana tana rufe tukunya ta ce mini, "Lennox, zuwa da kai ya fi aike. Zan nemi kujera a hukumar kurket ta ƙasa."

Ban yi dariya a gabanta ba, don ina son yatsuna. Amma na san irin mutanen da ke neman kujerun nan: lauyoyi, akantoci, likitoci, masu kamfani. Kuma a wajenmu tambaya biyu ake yi wa ɗan takara, me kake yi, sannan a ina ka buga. Ta biyun ta fi nauyi. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa haɗuwa da baƙon da ya ce shi ɗan benci ne a garinsu ba. Kowa saura ƙiris a ɗauke shi ƙungiyar ƙasa, sai gwiwa ta ci amanarsa.

Mutum ɗaya yankinmu ke tsayarwa, kuma akwai mai nema tun kafin ita, Barista Nauman Gardezi, mutumin Multan. Shi nasa ba cika baki ba ne, ya buga wa jami'arsu, kuma har yanzu da furfurarsa in ya jefo ƙwallo sai ka ji tana huci. Da maganar Anti ta bazu sai wani mai dogon tunani ya tono wata tsohuwar ƙa'idar yankin, wadda ta ce ba a tsayar da wanda bai taɓa buga ko wasa ɗaya a gasarmu ba. Matar da ta fi kowa zuwa fili, ashe a idon ƙa'ida ba ta taɓa shigarsa ba. Abin ya ba ni haushi, amma na ɗauka magana ta ƙare.

Wasa ɗaya ya rage mana kafin sanyi ya kore mu. Ranar atisaye ta zo ta tsaya gaban kyaftin ɗinmu, Thevan, wani yaron kirki ɗan Jaffna mai gyaran na'urar ɗumama gida.

"Thevan ɗana, ka sa ni cikin 'yan wasanka ranar Asabar."

Thevan ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Anti, wane wasa?"

"Na ludo. Kurket mana. Ko akwai inda aka rubuta sai namiji?"

"Babu, Anti. Amma kin san in muka faɗi wannan, ƙaramin rukuni za mu koma. Kuma da kulob ɗin Barista za mu kara."

Ni ban iya yin shiru ba. Na ce, "Haba Sista, ki tausaya mana. Shekara nawa muna fafutukar hawowa, yanzu ki zo da gwiwoyinki masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa?"

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai da in ka tsuguna sai mutum biyu sun ɗaga ka? Lennox, yaushe rabonka da ganin takalminka ba a madubi ba?"

Yaran suka fashe da dariya, aka bar ni ina shafa ciki. Sai Thevan ya ce, "Ranar da ƙwallo ta fasa mini gira, Anti ce ta zauna da ni a asibiti har aka ɗinke. Ke ce ta goma sha ɗaya." Wani matashi mai jifa mai kyau ya zauna a benci saboda ita. Na tafi gida ina mita ni kaɗai a mota.

Ranar Asabar gari ya waye da iska mai cizo, ganye ya rufe rabin fili. Su suka fara bugu. Thevan ya ajiye Anti can nesa inda yake fatan ƙwallo ba za ta je ba, ita kuwa ƙwallo kamar an aike ta. Ɗaya ta wuce ta tsakanin ƙafafunta, ɗaya ta tare da ƙwauri ba ta ko yamutsa fuska ba. 'Yan matanta suna bakin igiyar iyakar fili cikin rigunan sanyi, duk motsin da ta yi sai sun yi mata tafi.

Da muka karɓi bugu abin ya zo da gardama. Mutanenmu suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da tara, in aka ƙara ɗaya wasa ya ƙare, saura maki goma sha ɗaya mu ci. Ina tsaye a ɗaya gefen da sandata, don bibbiyu ake shiga bugu, sai ga ta tana tahowa, da kariyar ƙwaurin marigayi mijinta da ta kusa kai mata ƙugu, da hular kwano tana rawa a kanta. Gardezi ne ke riƙe da ƙwallo.

Akwai wata al'ada da ba a rubuta ba. Mai jifa da ƙarfi ba ya huce haushinsa a kan mai bugu na ƙarshe, balle dattijuwar da ya sha shayinta. Gardezi ya rage nisan gudunsa, ya tako a hankali zai miƙo mata ƙwallo kamar mai ba jariri alewa. Kafin ya saki ta ja baya daga gaban turaku ta ɗaga hannu.

"Barista, mene ne haka?"

"Anti, wallahi ba zan iya ba. Uwa ce ke."

"Uwarka tana Multan. Koma inda ka saba farawa. So kake gobe a ce sadaka aka ba ni? In ka karya ni na san ɗakin da za a kai ni."

Ya dubi alƙalin wasa, alƙali ya dubi sama. Ya juya ya koma can nesa inda ya saba. Na matso na raɗa mata cewa ta tare kawai, ta bar mini sauran. Ta ce in koma wurina ina tare mata iska.

Ta farko ba ta ma gan ta ba. A cinya ta same ta, har ni na ji ƙarar a haƙorina. Ta murza wurin sau ɗaya ta gyara tsayuwa. Ta biyu ta taso mata daidai kafaɗa, ta rufe ido ta kai mata duka irin na mai kakkaɓe tabarma. Ƙwallo ta goga a gefen sandar ta yi sama, ta bi ta kan mai tsaron baya, ta tsallake igiya, ta tsallake shingen da ke kusa ta wannan ɓangaren, ta faɗa bayan gidan wasu mutane. Kare ya hau haushi. Alƙali ya ɗaga hannu biyu, maki shida.

'Yan mata suna tsalle, ni ina ihu, sai na ga Anti ta ajiye sanda a ƙasa ta kama hanyar shinge, kanta a sunkuye.

"Sista, ina za ki?"

"Zan ɗauko. Ai na fita."

Matar da ta san dokokin wasan nan fiye da alƙalin. Daga baya ta gaya mini abin da ya faru. A tsakar gidansu a Berbice, inda take jefa wa yayyenta maza ƙwallo suna bugawa da reshen kwakwa, duk wanda ya cilla ta gidan maƙwabta ya fita, kuma shi zai je ya roƙo ta. Wannan ne kaɗai kurket ɗin da aka taɓa bari ta buga, sai ƙafarta ta tuna kafin kanta. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya gane nan take. Gardezi ya durƙusa yana dariya har da hawaye, yana cewa a unguwarsu ma haka ne, har da tsohuwar maƙwabciyar da ke ƙwace ƙwallo.

Aka dawo da ita, aka miƙa mata sandarta. Ƙwallo ta uku ta tumɓuke mata turken tsakiya. Muka faɗi da maki huɗu, muka gangara ƙaramin rukuni. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo ƙwarai, har na ƙi cin roti a ranar. Ta zuba mini a leda ta ajiye a kan motata.

Taron yanki ya zo bayan ƙanƙara ta fara sauka, a wani zaure a ƙarƙashin coci, kowa da kofin shayi. Ni ne wakilin kulob ɗinmu. Gardezi ya tashi ya faɗi aikinsa da inda ya buga, ya yi magana mai ma'ana a kan filaye da masu ɗaukar nauyi. Gaskiya mutumin ya cancanta. Sai wani akanta, cikin masu saura ƙiris ɗin nan, ya miƙe ya ce wasa ɗaya dabara ce kawai, an yi wa ƙa'ida wayo.

Gardezi ne ya amsa masa. "Malam, ni na yi jifan, kuma ban rage komai ba, don ta hana ni. In kana shakka ka sa kariya gobe mu gwada." Akanta ya zauna yana gyara tabarau.

Anti ta tashi tana ɗan ɗingishi, don cinyar ba ta gama warkewa ba. Ba ta riƙe komai a hannu ba.

"Sunana Rookmin Sukhdeo. Nas ce ni, kuma yawancinku na ga ƙasusuwanku. Inda na buga kuwa, wasa ɗaya ne, maki shida, kuma idona a rufe. Ba don ba na so ba ne, sai da na kusa sittin aka ba ni gurbi. Abin da nake nema ke nan. Wadda za ta tsaya a nan bayana, ina so in aka tambaye ta inda ta buga, ta yi ta faɗa har ku gaji."

Ta zauna. Ba wanda ya yi tafi. Ni dai na kurɓi shayina. Aka ce a ɗaga hannu. Da ƙyar ta wuce Barista, tazarar ba ta fi yatsun hannu ba. Gardezi ya zo ya gaishe ta da hannu biyu, ya ce badi zai sake nema, kada ta saki jiki.

A babban zaɓe ma ta samu shiga, ta zama darakta a hukumar. Ba ta juya duniya ba. Takan dawo daga zama tana ƙorafin cewa surutu ya yi yawa kuma shayinsu ruwa ne. Amma tun kafin hunturun ya fita 'yan matanta sun samu zaure mai raga, inda ake jifa da ƙwallo mai tauri ba mai tsoron taga.

Da bazara ta kewayo muka fara wasa a ƙaramin rukuni, wasu samarinmu sun gudu inda ake ci. Wata Asabar muka tashi mu goma. Thevan ya je wurin tukunya yana sosa ƙeya.

"Anti Darakta, ko za ki taimaka? Mutum ɗaya muke nema."

"Ni na gama, ɗana." Ta nuna bakin igiya da ludayi. "Ga Tashana can cikin 'yan matana, da hagu take jifa. Tun safe take sanye da fararen kaya."

Thevan ya ɗaga hannu ya yafito ta. Yarinyar ta shigo fili a guje, ko igiyar takalmi ba ta gama ɗaurewa ba.