Har Saiwar Na Bar Maka

A Balan in ka ce kana neman Barau sai a tambaye ka wanne, domin sun kai huɗu. In kuwa ka ce Barau Mai Rina, ko akuyar garin ta san ƙofar gidansa. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a gonar gado. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya sauri ko da hadari ya taso. Abin da ya raba shi da sauran manoma ɗaya ne: in rina ta kafa gida a rumbunka ko a saman zaurenka, shi ake aika wa.

Barau ba ya zuwa da wuta. Tun yana saurayi ya ga wani maƙwabcinsu ya cinna wa gidan rina wuta da busasshiyar ciyawa, rina ta tashi ta yi tafiyarta, rumbu ya ƙone ƙurmus da hatsin shekara a ciki. Ba ya fesa magani kuma. Da sassafe yake zuwa, kafin rana ta gasa musu fukafukai, ba sabulu a jikinsa, ba turare. Sai ya cusa hannu a hammatarsa ya goga sosai, ya yi bisimilla, ya miƙa hannun a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ya murɗe gidan daga inda ya maƙale, ya zura a buhu. Daga nan sai daji, ya rataye musu gidansu a wata ƙaya, ya dawo. Mutane suna cewa asiri gare shi, shi kuma bai taɓa musa musu ba. Matarsa ce kaɗai ta san yawan safiyar da ta jiƙa kanwa ta shafa masa a wuya, yana cije baki yana roƙonta kada ta faɗa wa kowa.

Mahaifiyarsa, Dada, Bafulatanar Toranke ce da aure ya kawo Balan. Ba ta bar gona ba, ba ta bar saniya ba. Abin da ta bari bishiyar ɗorawa ce guda ɗaya a bayan gidan mahaifinta a Toranke, wadda tsohon ya ce tata ce tun tana budurwa. Gida da filin da ke bayansa sun faɗa hannun ƙanenta, daga shi suka gangaro kan ɗansa Bubayero, amma kowa a Toranke ya san ƙasar ta Bubayero ce, ɗorawar ta Dada. Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira Barau ta ce ɗorawar ta bar wa yayarsa Lauratu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. Ta ce shi ne namiji, shi zai tsaya mata a kai. Ba a rubuta komai ba, domin ba wanda ya ga dalilin rubutu tsakanin 'yan'uwa.

Da wannan ɗorawar Lauratu take rufa wa kanta asiri. Duk bazara Barau yakan goya ta a babur su je Toranke, a kaɗo 'ya'yan, ta cika buhuna. Garin ɗorawar ta sayar, kalwar ta dafa ta yi daddawa, irin wadda matan Gaya ke tambaya da sunanta ranar kasuwa. Shekara tara ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, har da Barau.

Shi kuwa Bubayero abokin wasan Barau ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo, kuma sun riƙi wasan nan kamar sana'a. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa irin ta mutane ba. Bubayero ba ya cewa Barau, sai ɓarawon rina. Barau ba ya cewa Bubayero, sai Bafulatanin da saniya ta kora. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa. In suka haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure, mutane har matsowa suke yi su sha dariya. Ƙa'idar abin a bayyane take: duk abin da abokin wasa ya faɗa maka ba ka fushi, ba ka kuma ɗaukarsa da gaske, mayarwa kake yi da wadda ta fi ta zafi. Barau yana son Bubayero fiye da wasu 'yan'uwansa na jini ɗaya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

A farkon wata bazara, ɗorawa ta zubar da jan furenta ta soma fitar da 'ya'ya, Bubayero ya kira shi a waya. Bayan zagin da aka saba, ya ce rina ta yi wani ƙaton gida a jikin ɗorawar Dada, daidai inda rassa suka rabu. Ya ce lokacin kaɗar 'ya'ya ya kusa, duk wanda ya hau bishiyar nan sai an sauko da shi a kumbure, kuma yana jiye wa Yaya Lauratu. Barau ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Ya gaya wa matarsa cewa Bafulatanin nan bakinsa ne kawai ba kyau.

Washegari tun kafin rana ta fito ya isa Toranke. Ya tarar da Bubayero a ƙofar gida da wasu dattawa uku da suka dawo daga masallaci, suna zaune a kan benci. Barau bai tambayi kansa abin da ya zaunar da su a wurin da wannan safiyar ba. Yana kafe babur Bubayero ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bawana, yi maza ka cire min su. Kana gamawa zan sa a sare bishiyar nan in yi gawayi, in huta da ganin fuskarka duk shekara."

Barau ya yi dariya har da buga cinya.

"Sare mana, matsiyaci. Har saiwar na bar maka."

Dattawan suka murmusa. Barau ya naɗe hannun riga ya zagaya bayan gida.

Gidan rinar ya kai faifai, ya yi baƙi ƙirin da su. A gindin bishiyar Barau ya ga wani ɗan sabon yanka a jikin ɓawon, kamar an soma aka fasa, sai ya ɗauka ɓarnar yara ce. Ya hau a hankali, ya goga hannu a hammata, ya yi bisimilla. Biyu suka same shi a bayan kunne, ya ji zafin har cikin haƙori, bai ko motsa ba. Ya murɗe gidan, ya zura a buhu, ya sauko. Bubayero ya kawo masa fura da nono mai yawa, suka sha a ƙwarya ɗaya suna zagin juna. A hanyar komawa Barau ya tsaya ya rataye wa rinar gidanta a wata bagaruwa, ya isa Balan yana jin ya yi wa yayarsa aiki.

Bayan sati uku ya goya Lauratu da buhunanta suka nufi Toranke. Tun daga nesa akan hango kan ɗorawar sama da rufin gidajen. Ran nan Barau ya duba ya sake dubawa, sararin sama kawai ya gani. Ya ji Lauratu ta damƙe masa riga ta baya.

A bayan gida kututture suka tarar, faffaɗa, mutum biyu za su zauna a kai. Gefe guda an tara gumaguman an lulluɓe da ƙasa, hayaƙi yana tsattsafowa. Ɗanyun 'ya'yan ɗorawa a warwatse ko'ina, awaki suna ci. Wani mutum da ke gyara tarin ya ɗago, ya gane Barau, ya taho da fara'arsa ya ba shi hannu. Ya ce Allah ya saka masa da alheri, domin sau biyu suna zuwa da injin yankan itace rina tana korarsu, har ɗaya daga cikinsu sai da ya kwana biyu ido a rufe. Ya ce ba don shi ba da aikin nan bai yiwu ba. Mutumin da zuciya ɗaya yake godiya, abin da ya ƙara wa Barau ciwo ke nan.

Aka je gaban mai unguwa. Barau ya zaci Bubayero zai sunkuyar da kai, ko ya ce wata matsa ce ta sa shi. Ina. Bubayero ya shafa wa idonsa toka ya ce filin nasa ne, ɗaki yake son ginawa a wurin, kuma bai taɓa bishiyar ba sai da ya nemi izini a bakin wanda Dada ta damƙa wa maganarta. Ya ce a gaban mutum uku ya faɗa, a gabansu aka amsa masa. Aka kira dattawan. Suka ce su dai sun ji da kunnensu, Barau ya ce har saiwar ya bar masa.

"Ranka ya daɗe, wasa ne," in ji Barau. "Abokin wasana ne. Shekara arba'in haka muke."

Mai unguwa ya juya ga Bubayero ya tambaye shi ko wasa yake yi a ranar.

"Ni ban ce wasa nake ba," in ji Bubayero.

Nan Barau ya farga. Ya gane benci da dattawan ba haɗuwar banza ba ce, ya gane kiran wayar da tausayin Lauratu duk shiri ne. An san ba zai taɓa yarda ba in aka tambaye shi da gaske, sai aka tambaye shi ta ƙofar da ba ya kullewa. Mai unguwa ya yi wa Bubayero faɗa a kan zumunci, ya ce ya ba Lauratu wani abu ta rage asara. Lauratu ta ce a bar shi, ba gawayi Dada ta bar mata ba.

A hanyar dawowa buhunan a naɗe suke a cinyarta. Sai da suka kusa Balan ta yi magana, kuma ba cikin faɗa ba.

"Barau, ashe rinar nan ce take tsare min ita."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Har yau in ya tuna maganar sai abinci ya fita daga ransa.

Lauratu yanzu kalwar saye take yi wa daddawa, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, Barau ne ke cika mata da hatsi, tana karɓa kanta a ƙasa. Shi kuma bai daina cire rina ba. Sai dai duk wanda ya kira shi, kafin ya naɗe hannun riga yakan tambaya me za a yi da wurin in ya cire, ya tsaya sai an ba shi amsa, ba ya kuma dariya.

Bayan kaka aka yi sunan wani ɗan dangi a Gaya. Barau yana zaune a tabarma sai ga Bubayero ya shigo da sabuwar hula, ya hango shi, ya buɗe murya kamar yadda ya saba.

"Ɓarawon rina, bawana, kana nan da rai?"

Mutane suka juyo, wasu har sun fara murmushi suna jiran martani. Barau ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa, ya ba shi hannu biyu.

"Malam Bubayero, barka da zuwa. Ya hanya? Ya iyali?"

Bubayero ya yi dariya, ya ce yau kuma wane sabon iskanci ne wannan, ya ƙara jefa masa wata baƙar maganar, ya jira. Barau ya ce Allah ya huci zuciyar Malam. Ya matsa ya ba shi wuri mai kyau a tabarmar, irin wanda ake ba baƙo, ya ɗauki takalmansa ya koma can gefe ya zauna. Bubayero ya duba fuskokin mutane yana neman wanda zai taya shi dariya, bai samu ba.