Lamba Ukun da Ta Raba Faci da Yayansa

Shekara goma sha tara na yi ina tausar 'yan wasa a kulob ɗinmu, kuma babu ƙafar da na sani kamar ta Faci. Kafin ya faɗa mini inda ke ciwo, yatsuna sun kai wurin.

Yayansa ne ya kawo shi, wanda muke kira Bahago, mai buga mana lamba uku a baya ta hagu. Shekara huɗu ce tsakaninsu. Tun suna gida Bahago yake tsayar da shi a bayan katanga, ya hana shi taɓa ƙwallo da dama sai ya buga ɗari da hagu. Da haka ya tashi ƙafafunsa biyu duk ɗaya suke.

A matsayin ɗan wasan tsakiya aka ɗauki Faci. Wata biyu da zuwansa mai lamba biyu ya samu jan kati, koci ya waiwaya benci ya tambaye shi ko zai iya. Ya ce zai gwada. Bayan nan aka gwada shi a lamba shida, aka gwada shi a gefe, har gaba aka tura shi ya ci ƙwallo biyu da ka. Direban motarmu ne ya raɗa masa sunan Faci, ya ce duk inda taya ta huje shi ake liƙawa. Aka yi ta dariya, shi ma ya dara.

A kakarsa ta huɗu Bahago ya karye a ƙwauri. Ni na fara isa gare shi a fili, na ga yadda ƙafar ta kwanta, na rufe ta da tawul don kada ya gani. Koci ya sa Faci a gurbinsa. Daga gadon asibiti Bahago yake aiko masa da shawara, wane ɗan gaba ne mai son yanka ciki, wane ne mai tsoron kafaɗa. Faci ya bi maganar yayansa sau da ƙafa. Muka buga wasa goma sha ɗaya ba a ci mu ta gefen hagu ba.

Da Bahago ya warke ya dawo atisaye, sai benci. A ƙarshen kaka aka kira shi ofis aka ce ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Faci ya bi koci har bakin motarsa, ya roƙe shi ya mayar da shi tsakiya ko ma benci. Koci ya ce in ya ƙi wurin zai kawo wani, su biyun duka su tafi gida. A lokacin matar Faci tana da tsohon ciki.

Ina ɗakin sauya kaya ranar da Bahago ya zo kwashe takalmansa. Faci ya tsaya a bayansa yana cewa Yaya, Yaya, ya kasa ƙarasawa. Bahago ya zuge jakarsa, bai juyo ba.

"Da ka buga shirme sau biyu kacal, da ina nan," in ji shi.

Mahaifiyarsu ta zaunar da su ya fi sau biyar. Bahago ya ce mata shi bai riƙe kowa a zuciya ba, amma in ya ji babur ɗin Faci a ƙofar gida sai ya fita ta baya. Ya gwada wani ƙaramin kulob, ƙafar ta ƙi, ya koma gadi a kamfanin siminti.

Abin bai tsaya kan Bahago ba. Shugabannin kulob sun gane cewa mutum ɗaya yana toshe musu wuri uku, sai suka riƙa rage 'yan wasa. Yaran suka fara ɓoye ciwo. Wani zai shigo ɗakina da idon sawu a kumbure kamar kwano, ya ce in ɗaure masa, kada in gaya wa kowa, don kada a sa Faci a wurinsa. A mota kujerar kusa da shi ta koma wurin ajiye jakar magani. Ba su zage shi ba, hira kawai take mutuwa in ya shigo.

Shi ma tsoron kwanciya jinya ya kama shi. Gwiwarsa ta hagu ta fara tara ruwa yana ɗan shekara ashirin da takwas. Na ce ya huta wata guda, ya ce in kawo ƙanƙara. Shekara biyar ya yi yana shiga fili da allura. Wuri tara ya buga a shekara goma sha uku, har da rabin awa a raga ranar da aka kori golanmu. Sau ɗaya masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka zo kallonsa, suka tarar an sa shi a gefen dama, alhali mai tsakiya suke nema, suka tafi kafin a tashi.

Gwiwar ta yanke ne a atisaye, da hantsi, babu wanda ya taɓa shi. Ya juya zai karɓi ƙwallo, muka ji ƙas, ya zauna a ciyawa. An yi masa aiki sau biyu, ba ta ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Kulob ya ba shi riga a cikin gilashi, sai da aka yi gardama kan lambar da za a sa mata.

Yanzu yana da ɗan shago a bakin titi, yana sayar da ƙusa da kwaɗo da fenti, ƙafar a miƙe kan kwali. Duk mako nakan je in murza masa ita. Mahaifiyarsu ta rasu shekara uku da suka wuce ba ta ga sun ci abinci a kwano ɗaya ba. Bahago yakan wuce ta gaban shagon a kan babur in ya taso daga aiki, ya ɗaga hannu ba tare da ya rage gudu ba.

A watan jiya ya tsaya. Ya ce a ba shi kwaɗo mai ƙarfi na ƙofar ɗaki, ya duba mukullan, ya tambayi lafiyar iyali, ya hau babur ɗinsa. Faci ya ba ni labarin ina cikin tausa, ya sake ba ni ina wanke hannu.